James Hadley Chase: Marubucin Da Ya Ƙera Amurka Daga Ɗakinsa

Mai karatu, in dai ka taɓa tsugunawa gaban masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, to da wuya idonka bai faɗa kan sunan James Hadley Chase ba. Yayyenmu da dama sun rantse cewa Ba'amurke ne, wanda ya sha zama da 'yan daba a lungunan Amurka. To, ba haka ba ne. Baturen Ingila ne, sunansa na yanka René Raymond, an haife shi a Landan a 1906.

Kafin ya kama alƙalami, talla yake yi. Ya bi gida-gida yana sayar da kundayen ilmi na yara, daga baya ya yi aiki da dillalan littattafai. A nan ya gane abin da yawancin marubuta ba su sani ba, wato irin littafin da ke barin kanta da irin wanda ƙura ke rufewa. Ya lura labaran 'yan fashin Amurka ne ke tashe. Sai ya nemo taswirori da ƙamus na karin maganar 'yan iskan gari na can, ya zauna a ranakun hutun ƙarshen mako guda 6 ya rubuta No Orchids for Miss Blandish. Littafin ya fito a 1939, labarin 'yar wani attajiri da aka sace, kuma a lokacin ƙafarsa ba ta taɓa taka Amurka ba.

Dabararsa ba ɓoyayya ba ce. Zai ɗauko mutum irin ni da kai, ya ajiye masa kuɗi ko mace a gaba, ya bar kwaɗayi ya ja shi. Jimloli gajeru, hira mai zafi, kowane babi ya ƙare inda ba ka iya ajiye littafin. Da wannan ya rubuta littattafai kusan 90, wasu da sunan Raymond Marshall, har ya ƙirƙiri wani gari, Paradise City, a jihar Fulorida. 'Yan fim kuwa suka yi masa caa, musamman a Faransa. A 1962 Joseph Losey ya yi Eva da Jeanne Moreau, a 1971 Robert Aldrich ya mai da littafinsa na farko The Grissom Gang.

Amma fa bai sha da daɗi ba. A 1942 kotu a Landan ta ci shi tarar fam 100, ta ci mawallafansa haka, saboda batsa a littafin Miss Callaghan Comes to Grief. A 1944 George Orwell ya rubuta sharhi yana nuna cewa zubin labarin Miss Blandish ya yi kama da na Sanctuary na William Faulkner. Wadda ta fi zafi ita ce ta Raymond Chandler, wanda ya kama shi da kwasar masa rubutu, har sai da Chase ya fito a mujallar masu sana'ar littafi ya ba da haƙuri.

Nan ne nake so ka tsaya, kai mai sha'awar rubutu ko shirya fim. Mun daɗe muna cacar baki kan wankiyar finafinan Indiya. Rayuwar Chase ta nuna aron salo ba laifi ba ne, shi ma da aro ya fara. Inda ya zauna ya yi bincike ya gina nasa, duniya ta karɓa. Inda ya miƙa hannu cikin aljihun wani, abin ya bi sunansa har yau.

Ya rasu a Suwizalan a 1985, yana da shekara 78, mutum mai gudun 'yan jarida. In ka sake cin karo da littafinsa a bakin titi, saye ka karanta babin farko da biro a hannu, ka ƙirga shafi nawa ya ɗauka kafin ya jefa jarumin cikin masifa.