Injin Gari: Yadda Ake Yanke Kuɗin Aiki da Kiyaye Lafiyar Masu Aiki

Injin gari shi ne duk wanda ƙungiya ko unguwa ta mallaka tare: injin niƙa, na surfe, na ban ruwa a gandun albasa, ko na walda. A gundumomin Madawa, Buza da Keita, sau da yawa 'yan ci-rani ne ke aiko kuɗinsa. Saye bai kai riƙo wuya ba. Abu biyu ke tsayar da inji: kuɗin aiki da aka yanke da ka, da hannun da bai koyi aikin ba.

Asalin tsarin

Aikin gayya ba baƙo ba ne a Adar. Shirin raya karkara na Keita, da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon FAO, da ƙarfin mutanen ƙauyuka ya tsaya, mata a gaba. A 1991 CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata suka saba da zubi da rabon riba a gaban kowa. A Mali kuma, cikin shekarun 1990, aka yaɗa tsarin inji guda mai niƙa, surfe da cajin batir, a hannun kwamitin mata. Tun 2010 ƙasashen OHADA, har da Nijar, na da doka ɗaya kan ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda ƙungiya za ta iya yin rajista a ƙarƙashinta.

Me ke cikin kuɗin aiki?

Kafin a ce tiya dala kaza ce, a lissafa huɗu:
1. Gazuwal da man juye.
2. Ladan mai tuƙa injin.
3. Gyara: bel, wasa duwatsun niƙa, kuɗin makanike.
4. Ajiyar sayen sabo.

Na huɗun nan aka fi mantawa. Misali kawai: in an sayi inji miliyan ɗaya da jika 200, ana sa ran ya yi shekara 5, to wata 60 ke nan, kowane wata sai an ware jika 20. A haɗa duka huɗun, a raba da yawan tiyar da ake niƙawa a wata. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashi. In an sauka ƙasa da shi, uwar kuɗi ake ci.

Adalci a wajen biya

Farashin a faɗe shi a taro, a rubuta a bango. 'Yar ƙungiya na iya samun rangwame, amma matar mai gari da matar talaka tiyarsu ɗaya. In za a ɗauke wa marayu da tsofaffi, a yi shi daga riba, da yardar taro. Mai tuƙa inji daban, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban. In gazuwal ya tashi, a koma a zauna.

Horo kafin taɓa inji

Kada a ba kowa makulli sai makanike ya koya masa, kuma a koya wa mutum biyu. Ga ƙa'idojin:
- A rufe bel da murfi. Mata su ɗaure mayafi da hijabi, don bel ba ya sakin abin da ya kama.
- In hatsi ya toshe, a kashe inji kafin a sa hannu.
- Ba a zuba mai inji na aiki.
- Salansa ta fita waje. Hayaƙin inji a ɗaki rufe yana kisa, haka ma cikin rijiya: kar a shiga rijiya injin ban ruwa na aiki a ciki.
- Bayan wasa duwatsu, a fara niƙa dusa don ta kwashe garin ƙarfe.
- Mai walda ya sa garkuwar ido, yara kuma su yi nesa.

Ku da ke aiko kuɗi, ku tambayi gida: wa aka koya wa aikin, kuma nawa ke cikin asusun sayen sabo? Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka.