Daga Linzami Zuwa Makulli: Wa Ake Ba Amanar Abin Hawa a Ambursa?

Ambursa tana kan hanyar Birnin Kabi zuwa Argungu, kuma a yau an fi saninta da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, inda alhazan jihar Kabi ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. A ƙarni na 19 kuwa garin mayaƙa ne. Bayan da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka ƙaura, daga baya suka kafu a Argungu. A 1849 jagoransu Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, aka shiga shekaru ana kai hari ana ramawa tsakanin Kabawa da Gwandu a fadamar gulbin Rima. A wannan zamani Ambursa ribaɗi ce, har sarakunan Gwandu suka riƙa zama a cikinta don su tsare bakin iyaka.

A irin wannan gari, doki shi ne rai. Ingarma mai kyau, musamman wanda aka kawo daga Azbin, ba kayan talaka ba ne. Kasuwarsa ma ba ta faɗuwa, domin Nupe da Ilori, waɗanda ke ƙarƙashin tutar Gwandu, kullum suna neman dawaki daga arewa, saboda ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe a kudu. Duk da wannan tsada, mai doki ba shi ke kwana da dokinsa ba. Dole ya miƙa shi ga wani.

Wannan wanin ba tsintarsa ake yi a hanya ba. A fadojin ƙasar Hausa akwai Shamaki, wanda barga ke hannunsa, a ƙarƙashinsa kuma akwai yaran doki. Yawancinsu bayi ne ko barori da suka tashi a gidan, an san iyayensu, an san ɗakin da suke kwana. Yaron doki kan tashi tun da asuba ya share turke, ya kwashe kashi, ya jiƙa dusa da kanwa, ya zuba harawa, sannan ya tafi fadama yankan ciyawa. Shi ya san ranar da akawal ya ƙi cin abinci, shi ya san wace ƙafa kili ke ɗagawa idan ƙaya ta soke shi.

Wanda aikinsa ya fi kama da na masu karɓar makullin mota a ƙofar otal a yau shi ne zagi. Yana tafe a ƙasa gaban dokin ubangidansa, bargo a kafaɗa. Da an iso ƙofar fada, sai ya danne likkafa har maigida ya sauka, ya karɓi linzami, ya sassauta majanyi, ya ja dokin zuwa inuwa. Ko maigida zai wuni a fadanci, zagi na nan riƙe da ragama. Abu guda ne ba ya cikin aikinsa: hawa.

Wanda ya saci hawa kuwa, dokin ne ke tona masa asiri. Gumi kan bushe ya bar farin gishiri a ƙarƙashin jalala, shatin majanyi ya fito a ciki, gefen baki ya yi ja inda baƙon hannu ya fizgi linzami. Gogaggen mahayi ba ya buƙatar shaidu. Ya shafa gadon bayan dokin sau ɗaya, ya gama bincike.

Fatake ma suna da nasu tsarin. Ayarin da ya sauka Jega a kan hanyar Gwanja ta fataucin goro yakan bar dabbobinsa a gidan fatoma, mai masaukin baƙi. Abin da ke tsare dukiyar baƙo shi ne sunan gidan. Fatoman da dabba ta ɓace a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba, baɗi kuma madugu ya sauke ayarinsa a wani gida.

Shari'a ba ta bar maganar a hannun al'ada kaɗai ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Sakkwato, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayanin ajiya dalla-dalla. Wanda aka ba ajiya amintacce ne: idan abin ya halaka ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Amma idan ya ƙetare iyaka, misali aka ba shi dabba ya tsare sai ya hau ta mutu a ƙarƙashinsa, to ya ranka. Wato alhaki biyu ne. Mai karɓa ya tsaya inda aka tsayar da shi, mai bayarwa kuma ya duba hannun da zai miƙa wa, tunda ba a ba kura ajiyar nama.

Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ya kashe yaƙin, aka mayar da fadar Gwandu Birnin Kabi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta haifar da bikin kamun kifi na yanzu. Doki ya koma na hawan salla da tarbar baƙi, mota ta karɓi matsayinsa. Sai dai tsohon tsarin bai mutu nan take ba: direban sarki ko na attajiri ɗan gida ne, wani ma ya gaji aikin daga mahaifinsa.

Abin da yake sabo shi ne miƙa makulli ga wanda ba a sani ba. A manyan otal na Abuja da Legas da Dubai, saurayi ne cikin kayan aiki zai tare ka a ƙofa, ya ba ka 'yar takarda mai lamba, ya tafi da motar. A Birnin Kabi abin bai yaɗu haka ba, amma makullin na fita hannu ta wasu ƙofofin: wurin wankin mota, garejin makanike, gidan biki, ko wajen ɗan'uwan da alhaji ya bar wa mota a Ambursa sai bayan ya dawo daga Makka.

Masu ƙera motocin tsere sun san fargabar miƙa makulli ga baƙo. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 ta zo da makulli biyu: ja yana sakin ƙarfin dawaki 707, baƙi kuwa yana tsayar da ita a 500. Corvette ta wannan shekarar tana iya ɗaukar bidiyon duk inda aka kai ta, Tesla kuma tana da tsarin da ke rage gudu, ya kulle aljihun gaba. Wanda motarsa ba ta da ko ɗaya yakan ɗauki hoton lambar kilomita da ma'aunin mai kafin ya sauka. Idan ya dawo ya ji ƙaurin taya, ya san an zaga da ita.

Na'ura dai tana rage gudu ko nuna abin da ya riga ya faru ne, ba ta biyan ɓarna. Mutanen Ambursa na da ba su miƙa linzami sai sun san gidan da yaro ya fito da wanda zai tsaya masa. Mai mota mai tsada ya yi waɗannan tambayoyi kafin makulli ya bar hannunsa: ma'aikacin wane ne wannan, kuma wa zai biya idan aka goge ta? Idan wurin ya rubuta a allo cewa ba ruwansa da abin da ya sami mota, gara mutum ya ajiye abarsa da kansa, ya taka sauran da ƙafa.