Daga Fatoma Zuwa Mai Haya: Tarihin Masu Riƙe Ɗan Kasuwa a Mubi

Kwanan nan duk inda muka zauna bayan sallar Isha'i, zancen ɗaya ne: kuɗin hayar shago. To, bari mu waiwaya mu ga yadda magabata suka yi, don wanda bai san inda aka fito ba zai sha wuyar gane inda aka dosa.

A zamanin fatauci, madugu ba ya shiga gari da ayarinsa sai ya san fatomansa. Fatoma shi ne mai masauki. Zai ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Abin da ya fi duka nauyi, idan aka sayar da kaya bashi, shi ne mai tsayawa. In mai saye ya gudu, fatoma zai biya daga aljihunsa, don sunansa shi ne jarinsa. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ladansa yana cikin la'ada. Wato sai baƙo ya ci riba shi ma zai ci.

Haka aka yi a Salaga da zangon Kumasi wajen cinikin goro. Haka aka yi a Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, har wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa littafi a 1969 kan yadda masu masaukin nan suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, ba banki, ba kotu, sai amana.

Iyayenmu da wannan tarbiyya suka iso Mubi. Garin ya ga mulkin Jamus, ya ga na Ingila, kafin ƙuri'ar 1961 ta sa ya shigo Najeriya ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Tuta ta yi ta canzawa, amma kasuwa ba ta tsaya ba. Shanu na shigowa daga Kamaru da Chadi, ana canjin sefa da kuɗinmu. Yaro zai zo daga Kano ko Katsina da buhunsa, maigida ya ba shi gefen zaure. Daga faranti ya koma tebur, daga tebur ya koma rumfa. Da yawa cikinmu haka muka tashi, wallahi ba wanda ya tambaye mu kuɗin shekara.

An gwada wannan amana a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka kama gari, kowa ya yi ta kansa. Da sojoji suka ƙwato shi a Nuwamba muka fara dawowa, shaguna a fashe, jari ya tafi. A nan muka ga masu shago iri biyu. Akwai wanda ya ce, "Buɗe kawai, in Allah ya hore ka biya." Akwai wanda ya ƙirga har watannin gudun hijira. Ku duba layin kasuwa yau, ku ga wane ne 'yan hayarsa suke nan har yanzu.

Yau ejan ya shiga tsakani, a ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Mai shago ma yana da hujja: siminti ya yi tsada, iyali na jira. Ba mu ce ya yi asara ba. Amma shagon da ke kulle wata shida me ya kawo masa?

Addini bai bar mu a duhu ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi, ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Mu haɗa biyun: a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a yarda da biyan wata uku-uku ga mai ƙaramin jari, ɗan haya kuma ya cika alkawari ba sai an bi shi gida ba.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan magabatanmu. Amin.