Yadda Ƙwaro Marar Fiffike Ya Ƙetare Teku

A gidajen adana halittu, kowane ƙwaro da aka ajiye yana ɗauke da 'yar takardar da ke nuna inda aka kama shi. Idan aka bi takardun wani dangin ƙwari masu saƙa da masana ke kira Embioptera, sai a ci karo da abin ɗaure kai. Ga nau'in Oligotoma nigra a Indiya da Masar da Gabas ta Tsakiya, sai kuma ga shi kwatsam a Kaliforniya da Arizona ta Amurka. Wa ya kai shi?

Ƙwaron ɗan siriri ne. Da ƙafafunsa na gaba yake fitar da zaren siliki, ya saƙa wa kansa rufaffun hanyoyi a ƙarƙashin ɓawon itace ko dutse, a ciki yake rayuwa. Namiji na da fiffike, yakan zo wurin fitila da dare, amma kwanansa kaɗan ne a duniya. Macen da ke yin ƙwai kuwa ba ta da fiffike sam. Ke nan ba da ƙarfinsa ya ƙetare teku ba.

Bakin zaren yana wurin dabino. Manomin da ke son iri mai kyau ba ƙwallo yake shukawa ba, ɗan da ya tsiro a gindin uwa yake cirewa ya dasa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 Amurkawa suka riƙa shigo da irin waɗannan 'ya'yan dashe daga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa. Masana sun fi karkata ga cewa a cikin zaruruwan gindinsu matan ƙwaron da ƙwansu suka laɓe, saƙarsu tana kare su daga bushewa, har jirgin ruwa ya sauke su.

Akwai abu na biyu da taswirar wuraren da aka kama ƙwarin ke ɓoyewa. Da siffar namiji baligi ake tantance nau'i, shi kuwa wuyar samu gare shi. Shi ya sa Edward Ross na Cibiyar Kimiyya ta Kaliforniya, wanda ya rasu a 2016 yana da shekara 100, ya riƙa kwaso ƙwarin da rai daga nahiyoyi, yana kiwonsu har maza su balaga. Nau'o'i kimanin 400 aka raɗa wa suna, alhali hasashen masana ya kai wajen 2,000.

Saboda haka duk inda taswira ta nuna fili, sau da yawa mai nema ne bai je ba. Yanzu abin da ya kamata shi ne a raɗa wa nau'o'in da ke ajiye a gidajen adana halittu suna, a kuma horar da matasan ƙasashe masu zafi, inda ƙwarin suka fi yawa, su binciko na yankunansu da kansu.