Tarihin Anka a Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Ankar farko dutse ce da ake hudawa a zura mata igiya. Daga baya maƙera suka ƙera ta ƙarfe mai ƙugiya biyu da sanda a gicciye, irin wadda rundunar ruwan Ingila ta yi amfani da ita a ƙarni na 19. Tana kama ƙasa sosai, sai dai jawo ta wahala ne, musamman a jirgin da doguwar sanda ta fito daga goshinsa, domin igiyar ankar kan goga da sarƙar da ke riƙe sandar ta ƙasa. A 1933 Geoffrey Taylor, masanin kimiyya a Kambirij, ya ƙirƙiro anka mai siffar garma, CQR, wadda ba ta da sandar gicciye.