Asalin Sunayen Kimiyya Na Itatuwa Da Dabbobi

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya san irin zufar da ɗalibai kan yi wajen haddace sunayen itatuwa da dabbobi. Da yawa sukan ɗauka wahala ce kawai aka ɗora musu, alhali kuwa kowane suna yana da ma'ana da tarihi. Mu da muke ma'amala da kalmomi ya kamata mu san wannan tarihi.

Al'amarin ya faro ne daga ƙasar Girka. Fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotle ya yi rubutu a kan dabbobi, almajirinsa Theophrastus kuma ya bayyana tsirrai wajen 500. A ƙarni na 1 wani likita mai suna Dioscorides ya tattara tsirran magani kusan 600 a littafi guda, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Rumawa sun gaji wannan ilimi suka mayar da shi harshensu na Latin, wanda ya zama harshen malaman Turai, kamar dai matsayin Larabci a wajen malamanmu.

Sai dai a wancan zamani sunan tsiro ɗaya yakan kai kalma goma, domin kuwa bayanin kamanninsa ne gaba ɗaya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus (1707-1778), shi ya kawo gyara. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta shi kansa tsiron. A 1758 ya yi wa dabbobi haka. Da wannan tsari ake aiki har yau.

Bari mu duba abubuwan da ke kewaye da mu. Gyaɗa ita ce Arachis hypogaea. Da Girkanci hypo na nufin ƙarƙashi, gaia kuma ƙasa, wato mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Dorina kuwa Hippopotamus ce, daga hippos, doki, da potamos, kogi. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro an kira shi Anopheles, ma'ana marar amfani. Abin sha'awa shi ne raƙumin dawa, Giraffa camelopardalis. Kalmar farko daga Larabci take, zarafa, ta biyu kuma haɗin raƙumi da damisa ce. Ashe Bagirke da Bahaushe, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, duk raƙumi suka gani a jikin wannan dabba. Haka tsamiya, Tamarindus indica, asalinta tamr hindi ne na Larabci, wato dabinon Indiya, aka sa masa rigar Latin.

Wasu sunayen kuma tarihin zuwan Turawa Afirka ne a dunƙule. Kuka ta zama Adansonia digitata saboda Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749, digitata kuma daga digitus, yatsa, don ganyenta ya yi kama da yatsun hannu. Ɗorawa ta zama Parkia biglobosa don tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Gawo kuwa, Faidherbia albida, yana ɗauke da sunan Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Senegal. A nan za mu ga cewa itacen da kakanninmu suka rayu a inuwarsa shekaru aru-aru, duniya ta san shi ne da sunan baƙo.

Ba a rasa kurakurai ba. Attarugu sunansa Capsicum chinense, domin wanda ya raɗa masa suna a 1776 ya zaci daga ƙasar Sin ya fito, alhali asalinsa nahiyar Amurka ce. Amma ƙa'ida ita ce sunan da aka fara bugawa shi ke tsayawa, don haka kuskuren ya zauna. Wani lokaci kuma bincike kan sauya dangi, kamar bagaruwa da ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica. Shi kansa Latin ƙarfinsa ya ragu, domin tun daga 2012 an yarda a yi bayanin sabon tsiro da Ingilishi, sunan ne kawai ya ci gaba da zama cikin sigar Latin.

To, ina namu rabon? A 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Fiye da shekara 100 ke nan, kuma dattawan da suka san marke da ƙirya da taura da ɗinya suna ta ƙarewa. Yaro a birni yau yakan kasa bambance aduwa da magarya. Idan marubuci ya ce jarumarsa ta zauna a gindin "wata bishiya", ya yi asarar dama. Mu kira ta da sunanta, mu tambayi manoma da maharba da masu maganin gargajiya, mu rubuta abin da suka gaya mana tun suna raye.