Zoɓo, tafarnuwa da agbo: Abin da mai hawan jini ya kamata ya sani kafin ya sha

Shekara 7 ke nan ina shan ƙwayar hawan jini, kuma a tsawon lokacin nan babu irin maganin da ba a yi mini tallarsa ba. A ƙofar masallacin Juma'a a Agege an ba ni gari a ƙulle, a cikin mota kan hanyar Badun an miƙo mini ruwa a gora, maƙwabciyata Bayarabiya ma ta taɓa dafa mini agbo don tausayi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kawuna, mai fataucin goro a Shagamu. Ya ajiye ƙwayar asibiti saboda wani jiƙo da aka ce yana kashe cutar daga tushe. Bayan wata 3 ya yanke jiki ya faɗi a wurin alwala. Allah Ya yi da sauran kwana, amma har yau hannunsa na dama bai dawo ba.

Ba na cikin masu raina maganin gargajiya. Abin da nake cewa shi ne a san wanda ke da amfani, a san iyakarsa, a kuma bar awo ya raba gardama.

Mene ne hawan jinin?

Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya yana zama kusan 120/80. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka samu 140/90 ko sama, to hawan jini ya samu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa baligi 1 cikin 3 a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Dalili kuwa, yawanci ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri. Mutum yana kasuwarsa lafiya lau, cutar tana cin zuciya da ƙoda da idanu a ɓoye. Saboda haka "na ji sauƙi" ba hujja ba ce.

Zoɓo

A cikin tsirran da muke amfani da su, zoɓo na cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan mutane. A wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka wallafa a 2010, an raba mutum 65 gida biyu. Waɗanda suka sha kofi 3 na shayin zoɓo kullum har mako 6, lambarsu ta sama ta sauka da kusan maki 7, sauran kuwa da maki ɗaya da 'yan kai. Amma a lura, jinin mutanen nan bai hau sosai ba, kuma ba sa kan magani. Wanda jininsa ke 170, ko an cire 7 yana nan cikin haɗari.

Sannan zoɓon da ake nufi ba na gora mai sanyi da aka zabga wa sukari ba ne. Dafaffe ne, tsura ko da ɗan citta. Idan kana shan ƙwayar da ke sa fitsari, ka faɗa wa likita kana shan zoɓo, don ƙarfin biyun na iya haɗuwa jini ya faɗi har ka ji jiri. Mai juna biyu kada ta mayar da shi magani.

Tafarnuwa, zogale da shuwaka

Tafarnuwa tana ɗan sauke jini ga wasu, amma tana kuma tsinka shi. Wanda ke shan Aspirin ko Warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya tsaya ga ta cikin miya, ya bar haɗiyar ƙwayoyinta sai da izinin likita.

Zogale da shuwaka, wadda Yarabawa ke kira ewuro, Ibo kuma onugbu, abinci ne masu kyau. Yawancin gwajin da aka yi musu kan hawan jini a jikin dabbobi ne. A ci kwaɗon zogale, a sha miyar shuwaka, amma kada a ɗora musu nauyin da ƙwaya ke ɗauka.

Jiƙo da agbo na gora

Nan ne babbar matsalar. Itace magani ne na gaske, shi ya sa yake buƙatar ma'auni. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙwayoyin hawan jini, Reserpine, daga saiwar wani itacen Indiya aka fitar da ita a 1952, kuma ɗan'uwan itacen yana fitowa a nan ƙasar Yarabawa. Bambancin shi ne ƙwaya an san adadin abin da ke cikinta, ruwan gora kuwa na yau daban, na gobe daban. Wasu kuma da barasa ake jiƙa su, mai saye bai sani ba. Ƙodar da hawan jini ya riga ya gajiyar, ita za ta tace duk abin da aka ɗura.

Kada lambar NAFDAC ta ruɗe ka. A kan maganin gargajiya, lambar tana nufin an duba ba shi da guba ne, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Karanta jikin kwalin, za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wanda babu lamba, babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa, to ka bar wa mai shi kayansa.

Abubuwan da ke tayar da jini muna ganin ba komai

Gishiri ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi da burodi. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da jini, don haka a rage ta a miya da kunu. Goro da gahawa da lemon ƙarin kuzari suna ɗaga jini na ɗan lokaci. Magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda 'yan dako da 'yan acaba ke sha kamar gyaɗa, suna tayar da jini suna kuma taɓa ƙoda. Haka saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake sawa a wasu ganyayen shayi.

Yadda ni nake yi

Na sayi na'urar awo ta damtse. Ina zama in huta minti 5 kafin in auna, safe da yamma, in rubuta a littafi. Da na fara shan zoɓo sai da na faɗa wa likita, ban kuma taɓa ƙwayata ba. Littafin nake kai masa, shi yake yanke hukuncin ƙari ko ragi.

Na san abin da ke sa mutanenmu barin ƙwaya: tsada, gajiya da shan magani kullum, ko wata illa. Amlodipine tana iya kumbura ƙafa, Lisinopril tana iya kawo busasshen tari. Maganin wannan shi ne a koma a canza, akwai ire-irensu da yawa, wasu ma da arha. Idan yare ne matsalar, a tafi da yaro mai jin Turanci ko Yarabanci. 'Yan'uwanmu na Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH a ƙofar gida, na Sabon Badun ga UCH, kuma ƙananan asibitocin unguwa ma suna awo.

Lokacin da ba a jira

Idan awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani, ko kuma baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to asibiti kai tsaye. Kada a ɗura wa mutum jiƙo ko ruwa a wannan hali, don yana iya shaƙewa.

Hawan jini ba a cika rabuwa da shi ba, lallaɓa shi ake yi. Duk wanda ya ce maka gora 2 za ta kore shi har abada, kuɗinka yake so. Sarakunan Hausawa da limamanmu na nan Kurmi, don Allah a riƙa gayyato ma'aikatan lafiya su yi awo bayan sallar Juma'a. Kai kuma mai karatu, in ka kwana biyu ba ka auna ba, ka auna a makon nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.